Fulogin tsohuwar mota

Salamu alaikum 'yan uwa. Mai Peugeot 504 ko wata tsohuwar mota mai kafireto da kwantak (abin da ke haɗa wuta yana katsewa don fulogi ya yi tartsatsi), kada ya sayi fulogi da ka. Cire tsohon ka tafi da shi shago.

Fara duba tsawon zaren, wato wurin da ake murɗawa ya shiga cikin inji. 504 tana shan dogo, milimita 19, Volkswagen Beetle kuwa gajere, 12.7. Ka ɗaura dogo a gurbin gajere, fistin zai iya dukansa. Sai lambar zafi da ke jikin fulogin: a fulogin kamfanin NGK lamba na hawa fulogi na ƙara sanyi, 7 ta fi 5 sanyi, a na kamfanin Bosch kuma akasin haka ne.

Ni bakin fulogin nake karantawa. Ranar Alhamis na dawo daga kasuwar Maigatari da lodin buhunhuna, akori-kurata na tari, na kwance guda na tarar ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Fetur ne ya yi yawa, kafireto muka gyara. Ruwan ƙasa shi ne lafiya. Fari fat, zafi ya wuce kima.

Fulogin nan mai tsada mai bakin ƙarfen iridium, wallahi asarar kuɗi ce a irin injinanmu, na jan ƙarfe ya wadatar. A bar tazarar baki, inda tartsatsi ke tsallakawa, wajen milimita 0.6, a fara ɗaurawa da hannu kafin sifana.