Yadda za ka duba inji kafin ka sayi tsohon babur ɗin ƙanƙara

Idan kana zaune a Kanada ko arewacin Amurka, kana son sayen babur ɗin dusar ƙanƙara (snowmobile, abin hawa mai inji da ke tafiya a kan dusar ƙanƙara) na hannu, irin su Ski-Doo ko Polaris, to injin ne abin dubawa. Fenti ba ya kai ka gida idan injin ya mutu cikin daji ana tsananin sanyi.

1. Ka ce wa mai shi kada ya tayar kafin ka iso. Ka ɗora hannu a kan injin ka ji sanyinsa, sannan a tayar a gabanka. Inji mai ɗumi yana ɓoye ciwonsa.

2. Ka cire fulogai. Bakin fulogi mai launin ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce. Idan ya yi fari fat, fetur bai wadatar ba, kuma hakan na cinye fistin.

3. Wannan shi ne babba. Ka sa makanike ya auna matsin iskar cikin kowace silinda. Kada bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100. Idan ya wuce, gyara mai tsada na jiranka, musamman a injin da ke ƙona fetur tare da baƙin mai. Ni dai idan mai kaya ya hana a auna, na haƙura da cinikin.

4. Ka nemi rasiɗan gyara, ka gwada lambar shasi da ke jikin babur da ta takardu.

5. Idan Yamaha ne, ka tambayi samuwar kayan gyara, don kamfanin ya daina ƙera baburan dusar ƙanƙara bayan samfurin 2025.