Sitikar gorar zoɓo: inda aka fi yin tuntuɓe

Wata Hajiya ta taɓa zuwa mini da gorar zoɓo a leda, ranta a ɓace. Sitika 500 ta buga, amma wuni ɗaya a kula cikin ƙanƙara takardar ta jiƙe ta naɗe, tawada ta zuba har sunan ba ya karantuwa. Na ce, Hajiya, zanen nan ba shi da laifi, takardar ce ta ci amanarki. Irin wadda ake manna wa littafin 'yan makaranta aka buga mata. Abin sha mai sanyi gumi yake yi, saboda haka sitikarsa sai ta roba, wadda ruwa ba ya ratsawa. Kafin ka ba da aikin ɗaruruwa, sa a buga maka goma, ka liƙa a busasshiyar gora, ta kwana a firji, gobe ka tsoma ta cikin ruwan ƙanƙara. Wadda ta tsira a nan ta ci jarrabawa.

Wannan gwajin zai tona maka asirin launi ma. Mutane da yawa a fuskar waya suke zaɓen launi, sun manta waya da haske take nuna shi, injin bugawa kuwa tawada huɗu yake haɗawa, shi ya sa jan da ya ƙayatar da kai yake fitowa a dushe. Ga shi zoɓo kansa ja ne mai duhu, in ka ɗora masa jar sitika sai ta nutse. Fari ko ruwan ɗorawa ya fi tashi a kansa. Kunun aya akasin haka ne, shi launi mai duhu yake so. Kuma kada ka duba sitika a kan gorar da babu komai a ciki, cika ta tukuna.

Awo kuma da zare ake yinsa, ba da ido ba. Gorar 35cl da ta 50cl ba ɗaya ba ne, wasu kuma suna da gurbi-gurbi a jiki, sai a shafaffen wurin sitika take zama lafiya. A bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka. In za ka tura zanen ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil na PDF, domin in ka aika shi kamar hoto matse shi yake yi, ya fito dishi-dishi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne haruffanmu. Ba kowane salon rubutu na kwamfuta ne yake da ƙ, ɗ da ɓ ba. Ka rubuta "Zoɓo mai daɗi", a buga ka ga ɗan akwati a wurin ɓ, ko harafin ya bambanta da 'yan uwansa kamar bare a gidan biki. Duba wannan da idonka a samfurin farko.

Sai cunkoso. Hoton abarba, citta, kanumfari, lambar waya uku, addu'a, duk a tafin hannu guda. Mai saye ta tagar mota yake hangowa, sunan kawai yake nema. Suna babba a gaba, sauran bayani ya koma baya.

A bayan ne ake rubuta kayan haɗi, a fara da wanda ya fi yawa, sai yawan abin da ke ciki, adireshin mai yi, lambar rukuni (wadda ke nuna zoɓon da aka haɗa a karo ɗaya), ranar yi da ranar lalacewa. Kada a buga kwanan wata a cikin zanen, a bar masa fili a riƙa buga hatimi, in ba haka ba sitikar da ta rage ta zama shara. Lambar NAFDAC kuwa, wato hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Nijeriya, sai hukumar ta ba ka. Aron ta wani ko ƙirƙiro ta laifi ne da kan jawo kwashe kaya da rufe wurin sana'a. Haka nan rubuta "yana maganin hawan jini": abin sha kake sayarwa, ba ka da hurumin yi masa kirarin magani. In kuma ɗanɗanon abarba na kwalba ka zuba, cire hoton abarbar nan daga gaba.