Yadda ake zaɓen giranda ta kan teburi don aikin gareji a gida

Giranda ta kan teburi inji ce mai sauƙin gini: moto a tsakiya, sandar ƙarfe ta ratsa shi ta fito dama da hagu, sai dutse ɗaya a kowane gefe. Da ita ake wasa gatari da kurfi da bakin dirili, a share kaushin da ke saura a bakin ƙarfe bayan yanka, a kankare tsatsa. Saboda sauƙin nan nata, mutane da yawa da ido suke saye. Su ga fenti mai ƙyalli da 'yar fitila da babbar lambar wat a jikin kwali, shi ke nan an gama ciniki. Alhali abubuwa uku ne ke nuna ko za ka ji daɗinta: dutsen ya juya ba rawa, ya zama irin da ya dace da ƙarfen da kake gugawa, kuma madogarar da kake ɗora aiki a kai ta tsaya cak.

Mataki na 1: Tantance aikin da za ta fi yi

Aikin giranda kashi biyu ne, kuma buƙatunsu sun sha bamban. Akwai cin ƙarfe: rage tsawon bol, daidaita bakin fayif kafin walda, gyara kan kurfin da ya baje saboda dukan guduma. Wannan yana son gudu da ƙarfi. Akwai kuma wasa kayan aiki masu kaifi, inda ake cire ƙarfe kaɗan-kaɗan, zafi kuma shi ne babban abokin gaba. Wanda gyaran mota da 'yar walda ce ta fi yawa a garejinsa yana kashi na farko. Mai aikin katako yana na biyu. In duka biyun kake yi, dubi wanda ɓarnarsa ta fi tsada. Galibi kayan kaifi ne.

Mataki na 2: Girman dutse

Girma biyu ne suka fi yawa a gidaje, in an auna faɗin zagayen dutse: milimita 150, wato inci 6, da milimita 200, wato inci 8. Ta 150 ta fi araha, ba ta cin wuri, kuma ta isa ƙananan ayyuka. Amma in kuɗi da wuri sun ba ka dama, ɗauki ta 200.

Dalilin farko, dutsenta ya fi faɗin baki, sau da yawa milimita 25 inda ƙaramar ke da 20 ko ƙasa da haka, don haka kurfi mai faɗi yana samun wurin zama. Na biyu, tun da dutsen zagaye yake, yana barin ɗan kwari a bakin abin da aka wasa. Ƙaramin dutse kwarinsa ya fi zurfi, kaifin kuma ya fi rauni. Na uku shi ne wanda ba a lura da shi sai an kai gida: dutse yana raguwa da aiki. Idan na 150 ya cinye, bakinsa yakan koma kusan daidai da jikin moto, sai ka ga dogon ƙarfe ba ya wucewa, yana tokarar jikin injin kafin ya taɓa dutse. Tun a wurin saye ka ɗora doguwar sanda a gaban duwatsun biyu ka ga tazarar da ke tsakaninta da jikin moto.

Mataki na 3: Gudu, da abin da zafi ke yi wa ƙarfe

A jikin farantin bayanai za ka ga RPM, yawan juyi a minti ɗaya. Inda lantarki yake 50 Hz (Hz shi ne yawan kai-komon wutar a daƙiƙa ɗaya), giranda mai cikakken gudu tana yin wajen 2,850 zuwa 2,950. Inda yake 60 Hz, wajen 3,450. Masu rabin gudu suna yin wajen 1,450 ko 1,725. Sai dai abin da ƙarfe ke ji shi ne saurin da bakin dutse ke wuce shi, kuma wannan ya danganta da girman dutsen. A juyi 2,850, bakin dutse mai milimita 150 yana tafiyar mita 22 a daƙiƙa, na 200 kuwa kusan mita 30. Ka sa na 200 ɗin a juyi 1,450, ya sauko zuwa mita 15. Wato babbar giranda mai cikakken gudu ita ce ta fi kowace cin ƙarfe, ita ce kuma ta fi saurin ƙona shi.

Ƙonewar nan a ido ake ganinta. Kurfi ko wuƙa da aka yi da ƙarfe mai kabon an ba shi ruwa ne ya yi tauri. In bakinsa ya yi zafi a kan dutse, launinsa zai fara komawa ruwan busasshiyar ciyawa a wajen digiri 220 zuwa 230 na ma'aunin Salshiyos, sannan ruwan ƙasa, sannan shuɗi a wajen digiri 300. Da ka ga shuɗi, taurin wurin ya tafi, tsoma shi a ruwa kuma ba zai dawo da shi ba. Sai dai ka guge wurin baki ɗaya ka koma baya inda ƙarfen ke da lafiya. Siririn baki cikin daƙiƙa biyu ko uku yake kaiwa nan, domin babu naman ƙarfen da zai janye zafin.

Ƙarfen da aka rubuta wa HSS, irin na yawancin bakin dirili, yana jure zafi har fiye da digiri 500 ba tare da ya yi laushi ba. Shi kuma inda yake da rauni daban ne: in ya yi zafi sosai aka tsoma shi a ruwan sanyi, bakinsa yana yin ƙananan tsagu da ido ba ya gani, ya riƙa ɓarewa a wurin aiki. A bar shi ya huce a iska.

Saboda haka mai wasa kayan kaifi ya nemi ta 200 mai rabin gudu. Mai cin ƙarfe ya ɗauki mai cikakken gudu. Akwai masu maɓallin rage gudu, amma duba inda ƙasansu ya tsaya, don wasu ba sa sauka ƙasa da juyi 2,000. Akwai kuma injinan da dutsensu ke iyo a ruwa, irin na kamfanin Tormek da ke yin juyi 90 zuwa 120 kacal a minti. Ba sa ƙona ƙarfe, amma kayan wasa kaifi ne zalla, ba za su rage maka tsawon bol ba.

Mataki na 4: Moto

Ga giranda ta 150, wat 250 zuwa 370 ya wadatar. Ga ta 200, nemi wat 500 zuwa 750. Ƙarfin doki ɗaya wajen wat 746 ne. In wat ɗin ya gaza abin da aka faɗa wa girman injinka, da ka ɗan danna aiki gudun zai faɗi, kai kuma ka ƙara dannawa, zafi ya ƙaru. In za ka sa burushin waya ko faifan ƙyallen goge ƙarfe, ka ɗauki mai ƙarfi, domin sun fi dutse jan moto.

Duba harafin S a farantin. S1 na nufin moton zai iya aiki ba tsayawa. S2 tare da lamba, misali S2 30 min, na nufin minti 30 zai yi ya huta har ya huce. Ga gida S2 ba laifi, muddin ka san da shi. Ka kuma tabbatar ƙarfin wuta (V) da Hz ɗin da aka rubuta sun dace da wutar gidanka.

Mataki na 5: Gwada ta da hannu

Ɗaga ta ka ji. Nauyi a nan alheri ne, gindin zubin ƙarfe yana shanye jijjiga. A kashe, kama dutse ka girgiza shi sama da ƙasa, ka ja shi ciki da waje. In ka ji yana motsi, boris ɗin ba su da kyau. Sannan riƙe fensir a kan madogara, bakinsa dab da gefen dutse, ka juya dutsen da hannu a hankali. In yana taɓa fensirin a wuri ɗaya yana gudunsa a wani, akwai rawa. Wani lokaci laifin dutse ne ko na faya-fayan da ke matse shi, wannan yana gyaruwa. In sandar ce ta karkace, bar wannan injin.

Faya-fayan matsin su kai aƙalla kashi ɗaya cikin uku na faɗin zagayen dutse, su zama girmansu ɗaya. Waɗanda aka sassaƙa a inji sun fi na bugun falle zama daidai.

Madogara ita ce inda masu araha suka fi ha'inci. Danna ta da babban yatsa: in ta lanƙwasa, ba za ka taɓa riƙe kusurwa ɗaya a kanta ba, kuma bakin dirili yana son digiri 118, kurfin katako wajen 25. Dole ta iya matsawa gaba yayin da dutse ke raguwa, ta kuma karkata. Ƙa'idar hukumar OSHA ta Amurka, mai kula da kare lafiyar ma'aikata a wurin aiki, ita ce tazararta da dutse kada ta wuce inci ɗaya bisa takwas, wato milimita 3, harshen ƙarfen da ke saman murfi kuma kada ya wuce milimita 6. Tazarar 3 ɗin nan ba ado ba ce. In ta yi faɗi, dutse yana fizgar aikin ya cusa shi a ramin, ya tafi da yatsa ko ya fasa kansa.

In an yarda a kunna maka, saurara. Ya kamata ta hau gudu cikin 'yan daƙiƙu da ƙugi mai laushi, ba ta tafiya a kan teburi, in an kashe kuma ta daɗe tana juyawa.

Mataki na 6: Ware kuɗin dutse da abin gyara shi

Duwatsun toka-toka da ake haɗowa da giranda galibi ɗaya mai lamba 36 ne, ɗaya 60. Lambar tana nuna girman ƙwayoyin dutse: ƙaramar lamba manyan ƙwayoyi masu kaushi, babba kuwa ƙanana. Suna da kyau ga baƙin ƙarfe na yau da kullum, amma suna da tauri: ƙwayoyinsu suna dakushewa ba sa zubewa, sai dutsen ya riƙa shafar ƙarfe yana haifar da zafi a maimakon yanka. Don wasa kaifi, sauya ɗaya da farin dutse mai alamar WA, lamba 60 ko 80. Bayan lambar akwai harafin da ke nuna taurin abin da ya riƙe ƙwayoyin, daga A mafi laushi zuwa Z mafi tauri. Nemi J ko K. Irin wannan yana zubar da dakusassun ƙwayoyi sababbi su fito, yana cinyewa da sauri, amma ƙarfenka yana tsira. Ƙarfe mai tauri dutse mai laushi yake so.

Koren dutse mai alamar GC na bakin kabayid ne, irin na dirilin kankare. Faifan CBN na ƙarfe ne da aka lulluɓe da ƙwayoyi masu tauri: ba ya fashewa, ba ya raguwa, yana wasa HSS da sanyi, amma yana da tsada kuma ƙarfe mai laushi yana toshe shi.

Kafin ka sayi dutse, auna kaurin sandar injinka. Yawanci milimita 12.7 ce a ƙananan, 16 ko kusa da haka a manya. In ramin dutse ya fi ta faɗi, akwai zobban roba na cikewa. Su shiga daidai, ba girgiza ba dole. Sannan RPM ɗin da aka buga a jikin dutse ya kai na injin ko ya fi shi. Kada ka taɓa ɗaura wanda lambarsa ta gaza.

Sayi magyarin dutse tare da injin, mai bakin lu'ulu'u ko mai taurarin ƙarfe. Dutsen da ya yi santsi yana ƙyalli, ko ya yi kwari a tsakiya, shi ake bi da shi daga gefe zuwa gefe har sabuwar fuska ta fito. Sau da yawa jijjigar da ake ɗora wa inji a nan take ƙarewa.

Mataki na 7: Ɗaurawa da kunnawar farko

Kafin dutse ya hau sanda, rataye shi a yatsa ta raminsa, ka ɗan ƙwanƙwasa gefensa da ƙotar katako. Mai lafiya yana amo kamar ƙararrawa. Mai tsagu a ciki ƙararsa a dushe take, wannan a jefar. Bar takardun zagaye da ke manne a gefensa biyu, su ne ke raba matsi tsakanin ƙarfe da dutse. Notin gefen hagu zarensa a juye yake, ta dama ake kwance shi. An yi haka don kada juyin inji ya sassauta shi. Ɗaure noti daidai yadda dutse ba zai zame ba, matsi fiye da kima yana tsaga shi.

Ɗaure injin da bol a teburi mai nauyi, ko a kan ƙafar ƙarfe da aka kafe a ƙasa, yadda sandar za ta zo wajen tsayin gwiwar hannunka. Dubi inda tartsatsi zai zuba. A gareji akwai fetur da tsumman mai da batirin da ake caji, duk a nesanta su. In ka kunna, tsaya a gefe, ka bar ta ta yi minti ɗaya cur ba aiki, domin dutsen da zai fashe a wannan lokacin ya fi fashewa.

Sa tabaran kariya ko da injin yana da gilashinsa, da abin rufe hanci musamman lokacin gyaran dutse. Safar hannu da hannun riga mai reto kada su kusanci abin da ke juyawa. Ƙaramin aiki a riƙe shi da filaya mai kullewa. Yi guga a bakin dutse kawai, gefensa ba a yi shi don ɗaukar matsi ba. Alminiyom da tagulla da katako kada su hau wannan dutse: suna cushe ramukansa, ya yi zafi har ya iya tsagewa, ƙurar alminiyom kuma in ta gauraya da ta tsatsar ƙarfe tana iya kamawa da wuta. Su a bi su da magagari ko injin sanfefa. Duk lokacin da ka gyara dutse ya ragu, kashe injin, cire filogi, ka matso da madogara ta koma milimita 3.