Yadda Ake Zaɓen Gilashin Fitilar Babur: Mai Duhu Ko Garau

Duk wanda ya shiga Suame Magazine a Kumasi neman gilashin fitilar babur, nau'i uku mai shago zai zaro masa daga kwali. Akwai mai launi irin wanda babur ya zo da shi daga kamfani, akwai garau wanda ake hango ƙwan fitila ta cikinsa, akwai kuma mai duhu kamar an turara shi da hayaƙi, wanda samarin Aboabo da Asawase ke rububinsa saboda yana ƙara wa babur kwarjini. Gilashi muke ce masa, amma yawancinsa yanzu roba ce mai tauri. Kafin mutum ya miƙa kuɗinsa, ya kamata ya raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa, wato launi da duhu. Launi saƙo ne ga sauran masu amfani da titi, duhu kuwa ado ne kawai, kuma da hasken fitila ake biyan kuɗinsa.

Ƙa'idar launi tsohuwa ce, kuma yarjejeniyar zirga-zirgar tituna da aka ƙulla a Biyana a 1968 ta tabbatar da ita: fari ko rawaya a gaba, ja a baya, ruwan goro ga sigina, wadda mu a nan muka fi kira tirafiketa. Direban tirotiro, wato ƙaramar bas ta haya, da ke bin bayanka a Anloga Junction ba ya tsayawa tunani idan ya ga ja ya ƙara ƙarfi, ƙafarsa ce ke zuwa kan birki da kanta. Masu duba lafiyar abin hawa na DVLA, hukumar lasisin tuƙi da rajistar abin hawa, da 'yan sandan MTTD masu kula da titi su ma fitilu na cikin abin da suke dubawa, saboda haka duk gilashin da za ka zaɓa, dole launin da ya dace ya fito daga cikinsa.

Batun fitilar gaba ba ya buƙatar dogon lissafi, garau ita ce zaɓi. Yawancin ƙananan baburanmu ƙwai mai wat 35 suke ɗauka, hasken da ko a sabo bai wuce na lallaɓawa ba a hanyar da babu fitilun titi, sannan a nan rana kan faɗi wajen ƙarfe 6 na yamma duk shekara. Wanda ya manna leda mai duhu ko shuɗiya a kan irin wannan fitila ya rage wa kansa nisan da yake hango rami. Rawaya ce kaɗai ke da hujja, domin wasu mahaya suna jin ta fi yi wa ido sauƙi a cikin hazon hunturu da ruwan sama, kuma Faransa ta wajabta ta daga 1937 har zuwa 1993. Duk da haka ita ma tana tauye haske, shi ya sa na fi son a bar babbar fitila garau, a ƙara ƙaramar rawaya a ƙasa idan ana yawan tafiyar asuba a watan Disamba da Janairu. Gilashin da rana ta dafa har ya yi dishi-dishi kamar tsohon kofin roba shi ma mai duhu ne, sai dai ba wanda ya zaɓe shi. A goge shi da man goge fitila, in ya ƙi, a canza.

Inda maganar take da yawa shi ne danja, wato jar fitilar baya, da tirafiketa, domin a nan gilashi da ƙwai aure suke yi, kuma idan auren bai dace ba haske ne ke mutuwa. Gilashi mai launi matata ce: launinsa kaɗai yake bari ya wuce, sauran ya shanye. Ƙwai na gargajiya mai zare yana fitar da ja mai yawa, don haka yake zama daidai a bayan jan gilashi. Farin LED kuwa asalinsa shuɗi ne da aka lulluɓe da wani sinadari mai rawaya, jan da ke cikinsa kaɗan ne, shi ya sa idan aka sa shi a bayan jan gilashi sai danja ta fito kodaddiya kamar zoɓon da aka cika wa ruwa. Mai son LED a danja ya nemi ja. Sai dai ya leƙa ƙarƙashin danjar tukuna, domin a babura da yawa ƙwai ɗaya ne ke haska lambar babur ta wata 'yar taga garau, kuma farin haske ake so a kan lamba.

Idan ka zaɓi gilashi garau ga tirafiketa, launin ya koma wuyan ƙwai, wato dole ka sayi mai ruwan goro. Ka riƙe tsohon ƙwanka a aljihu ka kwatanta, domin galibi 'yan ƙusoshin gindin ƙwai mai ruwan goro a karkace suke, ba sa fuskantar juna kamar na fari, kuma an yi hakan ne da gangan don kada a musanya su. Ƙwai mai fenti na araha kan ɓare bayan 'yan watanni saboda zafi, sai tirafiketa ta koma fara ba tare da mai babur ya lura ba. Wanda kuma ya koma LED ya ga tirafiketa na ƙiftawa da sauri, ko ta tsaya cak, ba gilashin ba ne: LED ba ya jan wuta kamar ƙwai mai zare, sai a canza filasha, 'yar na'urar da ke sa tirafiketa ƙiftawa, zuwa wadda aka yi dominsa.

Shi kuwa mai duhu, na ga aikinsa da idona. Wani ƙanena ya sa wa danjarsa irin wannan gilashi, da dare kuwa gwanin kyau. Ran nan da azahar ina biye da shi a hanyar Tafo, ya taka birki a bayan wata aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ban ga komai ya canza ba sai da tayar gabana ta kusa sumbatar lambarsa. Da muka je wurin bakanikenmu, ƙanen nawa ya ce, “Masta, ai sai a sa ƙwai mai ƙarfi.” Mastan ya zaro wani gilashi daga ƙarƙashin benci, tsakiyarsa ta narke ta lotsa kamar an danna da babban yatsa, ya ce, “Ɗana, ga na wanda ya riga ka wannan dabara.” Ƙwai mai yawan wat yana narka roba, yana ƙona soket, yana kuma zuƙe batir. Ƙwan danja zare biyu gare shi, mai wat 5 na tafiya da mai wat 21 na birki, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ne gargaɗin. Duhu yana rage su duka biyun, da rana tsaka kuwa sai su ɓace a cikin hasken gari, musamman idan jar ƙurar hanya ta ƙara nata rufin.

Wanda ya nace sai mai duhu, to ya ɗauki mafi sauƙin duhu, wanda aka ƙera tare da LED ɗinsa a haɗe, ba feshi ko leda ba. Ya duba jikin gilashin ko akwai harafin E a cikin da'ira, ko DOT, alamomin amincewa na Turai da Amurka, ko da yake masu jabu ma sun iya buga su. Ya kuma tabbatar bai rasa jan madubin nan na baya ba, mai mayar da hasken mota ko babur a kashe yake, domin sau da yawa a jikin tsohon gilashin yake, yana tafiya tare da shi.

Gwaji na ƙarshe a yi shi kafin a jefar da kwali, kuma da rana, ba da dare ba, domin da dare kowace fitila jaruma ce. Ka kafe babur a fili da misalin ƙarfe 1, injin yana aiki, ka sa wani ya riƙa taka birki yana kunna tirafiketa, kai kuma ka ja baya taku 30. Ka duba daga baya sosai, sannan ka matsa gefe ka sake dubawa, domin mai fitowa daga lungu ta gefe yake ganinka. Ka juya babur rana ta doki gilashin kai tsaye ka maimaita, saboda garau ma kan yi walƙiyar da ke haɗiye ruwan goron idan ƙwan ba shi da ƙarfi. Idan sai ka ƙanƙance ido kafin ka gane an taka birki, ka mayar wa mai shago kayansa tun ba a ɗaure kusoshi ba. Tsohon gilashin kuma a nannaɗe shi da tsumma a ajiye, ranar zuwa DVLA za a neme shi.