Kafin ka kwance kan jirgin, duba layin dogo

Salamu alaikum 'yan uwa masu haɗa ƙananan jiragen ƙasa. Idan kan jirginka samfurin HO (wato ƙaramin jirgi mai girman kashi ɗaya cikin 87 na jirgin gaske) ya fara tafiya yana tsayawa, fitilarsa na ƙyaftawa, don Allah kar ka yi saurin kwance shi. A nan Legas yawanci laima ce. Danshi da ƙura kan taru su yi baƙin datti a kan layin da ƙafafun, wutar bolt 12 da ke bi ta layin zuwa jirgin ta kasa ratsawa. Jiƙa farin ƙyalle da sifirit ka goge su tas, har da siraran ƙarafan da ke taɓa bayan ƙafafun. Ban da samfefa, karce layin take yi, datti ya ƙara samun wurin zama. Ni a Agege duk mako nake gogewa da damina. Mai kuwa, idan za ka sa wa injin, ɗigo ɗaya a bakin allura ya isa.