Kafin ka buga foyil mai ƙyalli a lakabin kaya

Foyil siririyar leda ce mai ƙyalli da gam a bayanta, wadda ake danna ta a kan takarda da hatimi mai zafi, wato ƙarfen da aka sassaƙa zanen a kai. Abu uku ke riƙe da wannan aiki: zafi, ƙarfin danni, da daɗewar hatimi a kan takarda. Fara da zafi wajen digiri 110 na Salsiyas, dannin kada ya kai daƙiƙa ɗaya, sai ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Kada ka canza biyu daga cikin ukun lokaci guda, don ba za ka gane wanne ya gyara ba.

In cikin ƙananan haruffa ya toshe, ko ƙyallin ya dushe, zafi ya yi yawa. In foyil ya kama wani wuri ya bar wani, kar ka yi saurin ƙara wuta. Yawanci dannin ne bai daidaita ba, sai a liƙa siririyar takarda a ƙarƙashin inda ya gaza. Tawadar da ba ta bushe ba, ko banish (man da ake shafa wa takarda don sheƙi) mai sinadarin silikon, su ma suna hana gam ɗin foyil kamawa.

Hatimin ƙarfen magniziyam ya isa ƙaramin aiki, amma bugu mai yawa sai na tagulla.

Don Allah a gwada kafin a saki inji: manna salatif a kan zanen, ka fizge. In ya ɗebo ƙyalli, bai kama ba.