Shiga gandun dajin Binuwai da mota

Gandun yana arewacin Kamaru, kan hanyar Garwa zuwa Ngaundare, kuma da rani ake shigarsa, Disamba zuwa Afrilu. Da damina laka ke riƙe mota. Sai mai jan ƙafa huɗu. Ka cika tanki tun daga Garwa, ka ƙara jarkar mai biyu, safaya biyu, da ruwan sha lita 5 ga kowa a yini. Kada ka shiga ba ɗan jagora.

Ciyawa ce babbar matsala. 'Ya'yanta na toshe lagireto har inji ya ɗau zafi, busasshiyar kuma ta maƙale jikin salansa, tana iya kama wuta. Duk inda ka tsaya, leƙa ƙarƙashi ka cire ta. Kusa da kogi ka rufe gilashi saboda ƙudan tsando.